Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan hukuncin wanda ya amsa laifin yi wa ƙaramin yaro fyaɗe

Zuwa ga Manyan Jojojin jihohin Arewa maso Yamma, da Alƙalan Alƙalai na kotunan shari'ar Musulunci, da Antoni-Janar kuma Kwamishinonin Shari'a na waɗannan jihohi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan takarda lauyoyi ne da likitoci da ma'aikatan jinya da jami'an walwalar yara, masu aiki tsakanin ofishin 'yan sanda da asibiti da kotu. Buƙatarmu ɗaya ce. Muna roƙon ku fitar da rubutaccen umarnin aiki, wanda zai hau kan kowace kotu da kowane mai gabatar da ƙara a jihohinku, kan yadda za a karɓi amsa laifi da yadda za a yanke hukunci idan wanda ake tuhuma da yi wa yarinya ko yaro fyaɗe ya miƙe ya ce, "Na aikata."

Ba ma ƙin amsa laifi. Duk wanda ya san abin da 'yar shekara bakwai ke sha idan aka tsayar da ita gaban kotu ya san darajarsa. Sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce ba a rantsar da yaron da bai kai shekara 14 ba, kuma ba a ɗaure mutum da shaidarsa ita kaɗai sai wata hujja ta ƙarfafa ta. A cikakkiyar shari'a ke nan sai yarinyar ta maimaita abin da ya same ta, lauyan wanda ake tuhuma ya yi mata tambayoyin ƙure, likita ya bar marasa lafiya ya zo ya tsaya, a nemo ɗan sandan da ya yi bincike wanda wataƙila an mayar da shi wata jiha. Ga ɗage zama, yau da gobe, uwa na biyan kuɗin mota har ta gaji ta daina zuwa. Wanda ya amsa tun farko ya ɗauke wa yarinyar wannan duka, ya kuma cancanci a rage masa wani abu. Damuwarmu ita ce nawa ake ragewa, wa yake ragewa, kuma a ina. Sau da yawa ana gama rangwamen ne tun kafin takarda ta iso teburin alƙali, babu inda aka rubuta shi, babu wanda za a tambaya.

Dokokin kansu ba su da sassauci. Sashe na 282 na Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na Arewa, ya ce saduwa da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba fyaɗe ne, ko da yardarta ko babu. Kano ta gyara sashe na 283 a 2014, ta sa ɗaurin rai da rai ko wa'adin da bai gaza shekara 14 ba. Sashe na 31 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya tanadi ɗaurin rai da rai, ya kuma toshe uzurin "na zaci ta girma" da na "ita ta yarda". Dokar VAPP ta 2015, wato dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, a inda jiha ta karɓe ta, ta sa shekara 12 a matsayin mafi ƙaranci ba tare da zaɓin tara ba, shekara 20 idan taron dangi aka yi. Kaduna ta kai abin ƙarshe a Satumbar 2020, dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14. A Yunin 2020 Ƙungiyar Gwamnonin Najeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna ɗaya cikin 'yan mata huɗu da ɗaya cikin yara maza goma sun gamu da cin zarafin lalata kafin su cika shekara 18. Ba sabuwar doka muka zo nema ba. Waɗanda ke hannu sun isa, in aka bar tuhuma ta kai inda take.

Ga yadda take ɓacewa a hanya. Fyaɗe laifi ne na Babbar Kotu. 'Yan sanda sukan kai mutum gaban majistare da takardar FIR, wato rahoton farko na 'yan sanda, don a tsare shi, a aika kundin bincike Ma'aikatar Shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda aka fi sani da ACJA, ta ba da kwana 14 a fitar da wannan shawara bayan kundi ya iso, amma kowa a cikin aikin ya san kan ɗauki watanni. A cikin waɗannan watanni ne ake zirga-zirga. Dangin mai laifi su je wajen mai unguwa, su je wajen kawun yarinya, a ce wa uba ya rufa wa 'yarsa asiri kada ta rasa mijin aure. Daga nan sai a sake rubuta takardar tuhuma, fyaɗe ya koma aikata alfasha a ƙarƙashin sashe na 285 na Final Kod, wanda iyakarsa shekara bakwai ne kuma ba shi da mafi ƙaranci. Yanzu majistare na da hurumi. A karanta wa mutum, ya ce ya amsa, lauyansa ko shi kansa ya roƙi sassauci, a yanke masa shekara biyu, wani lokaci da zaɓin tara. Zaman bai fi minti goma sha biyar ba, kuma iyayen yarinyar sai a gari za su ji an gama.

A yi lissafin abin da wannan ke nufi. Fursunan da ya nuna halin kirki ana yafe masa kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Kwanakin da ya yi a tsare yana jiran shari'a ma ana lissafa masa. Shekara biyu ta zama wata 16. In ya riga ya yi wata takwas a tsare, saura wata takwas ya dawo lungun da yarinyar ke ɗibar ruwa; in tana da shekara bakwai lokacin da abin ya faru, takwas kawai ta kai. Da an bar tuhumar a matsayinta a Kano, shekara 14 mafi ƙaranci za ta zama shekara tara da wata huɗu a zahiri, yarinyar ta kai 16 kafin ya fito. Tsakanin waɗannan biyun akwai kusan dukan ƙuruciyarta. Kuma da zarar an yanke ƙaramin hukuncin, sashe na 36(9) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi guda, lauyansa zai ɗaga shi, da wuya ƙwarai a sake buɗe maganar.

Saboda haka abu na farko da umarnin ya kamata ya ƙunsa shi ne: duk ƙorafin da aka fara rubutawa a matsayin fyaɗe ko luwaɗi da yaro, ba a sauya shi zuwa ƙaramin laifi sai da rubutacciyar amincewar Antoni-Janar ko daraktan gabatar da ƙararraki, da dalili a rubuce, a maƙala a kundin kotu. Majistaren da aka kawo wa tuhumar alfasha kan yaro kada ya karɓi amsa laifi sai ya ga bayanin farko da mai ƙorafi ya bayar da rahoton likita. In bayanin ya nuna an sadu da yaron, ya tsayar da zama ya mayar da kundi Ma'aikatar Shari'a.

Dalilin da aka fi fakewa da shi wajen rage tuhuma shi ne rahoton likita, kuma a nan likitocin cikinmu ke roƙon ku saurara da kyau. Rahoton da ya ce "ba a ga rauni ba" bai ce ba a aikata ba. Fatar wurin tana warkewa da sauri, cikin 'yan kwanaki ƙaramin rauni kan ɓace, kuma mafi yawan yaran da aka ci zarafinsu, in aka duba su bayan lokaci ya ja, ba a ganin komai. Yawanci ba a kawo yaro ranar da abin ya faru. Sai uwa ta ga tafiyarsa ta canja, ko ta ga tabo a wando, an yi wanka, an gasa da ruwan ɗumi, an wanke tufafi. Maganar "budurcinta na nan" ita ma ba hujja ba ce. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa duban budurci ba shi da tushe a ilimin likita. A doka kuma shiga komai ƙanƙantarsa ya isa. Abin da ya kamata mai gabatar da ƙara ya nema a rahoto shi ne ranar da abin ya faru da ranar da aka duba, abin da yaron ya faɗa da bakinsa, ciwon sanyi ko wata cuta da aka samu, gwajin ciki, da maganin da aka bayar. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 a sha kwana 28, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120, kuma gwajin ƙanjamau na ranar farko ba ya yanke magana, sai an maimaita bayan wata uku. Wannan na ƙarshen yana da nauyi ga hukunci: kotun da ta yi gaggawar yankewa cikin mako biyu ba ta san ko an sa wa yaron cuta ba. Cibiyoyi irin su Waraka a Asibitin Murtala na Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, suna da ma'aikatan da aka horar kan irin wannan rahoto. A nemi nasu, ko a sa su duba wanda aka kawo daga wani wuri.

Shekarun yaro ma a tabbatar da su da takarda kafin a karɓi amsa, domin tsakanin 13 da 14 ne tuhuma ke juyawa a Final Kod. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, in babu katin riga-kafi ko rajistar makaranta, in duk babu sai rantsuwar uwa da ƙiyasin likita. Kada a bar "kimanin shekara 15" da wani ya rubuta da ido a ofishin 'yan sanda ya zama gaskiyar kotu.

Sai yadda ake karɓar amsar kanta. Sashe na 274 na ACJA, wanda dokokin jihohi suka ɗauko da wasu lambobi, ya shimfiɗa matakai: a rubuta amsar da kalmomin mai ita gwargwadon iko, mai gabatar da ƙara ya zayyana abin da ya faru, a tambayi wanda ake tuhuma ko abin da aka zayyana ɗin ne ya amsa, sannan alƙali ya gamsu cewa ya yarda da kowane rukuni na laifin. Matakin tsakiyar ne ake tsallakewa. Sai ka buɗe kundi ka tarar da layi biyu, an karanta, ya amsa. Ba shekarun yarinya, ba dangantakarsa da ita, ba sau nawa, ba ko ya yi mata barazana. Alƙalin da bai ji waɗannan ba da me zai auna hukunci? Muna roƙon a wajabta rubutaccen bayanin abin da ya faru, a karanta shi a kotu cikin harshen da wanda ake tuhuma ke ji, a rubuta sunan tafinta, a shigar da rahoton likita da takardar shekaru a matsayin hujja duk da ya amsa. In ya ce ya yarda da wani sashe ya musanta wani, misali ya ce sau ɗaya ne alhali yarinya ta ce wata shida ana yi, kotu ta saurari hujja kan wannan gaɓar kafin ta yanke.

Wannan tsari kariya ne ga wanda ake tuhuma shi ma, kuma muna faɗin haka da gaske. Akwai talakan da ba shi da lauya, ya kwana biyu yana shan duka, aka ce masa "ka amsa kawai a sallame ka". Akwai ɗan aiki ko almajirin da aka ɗora wa laifin ɗan masu gida. In aka ɗaure wanda bai yi ba, an zalunce shi, wanda ya yi kuma yana nan cikin gida tare da yarinyar, an ma wanke shi. Kada wata kotu ta karɓi amsa a laifin da ke ɗauke da rai da rai ba tare da lauya a gefen mutum ba, ko nasa ko na Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Alƙali ya tambaye shi da bakinsa: an doke ka? an yi maka alƙawari? ka san mafi ƙarancin shekarun da wannan laifi ke ɗauke da su? A rubuta amsoshin. Tun shari'ar Kajubo a 1988 Kotun Ƙoli ta nuna cewa gurfanarwar da ba a yi bisa ƙa'ida ba tana rushe shari'a gaba ɗaya. Hukuncin da aka rushe bayan shekara biyar, shaidu sun watse, ba ƙaramin cuta ba ne ga yaron.

A bambanta yarjejeniyar amsa laifi da sulhun zaure. Ta farko doka ta san da ita. Sashe na 270 na ACJA ya ce a yi ta a rubuce, a tuntuɓi ɗan sandan da ya yi bincike da wanda aka zalunta ko wakilinsa, a ba su dama su yi magana kan abin da aka ƙulla da batun diyya, alƙali ba ya shiga cinikin, kuma in ya ga hukuncin da aka shirya ya yi kaɗan yana da ikon faɗa, mai laifi ya zaɓa ko ya tsaya a kan amsarsa ko a sake shari'a gaban wani alƙali. Inda matsala take shi ne wakilin. In mai laifin mijin uwa ne, ko ƙanin uba, ko mai gidan da uban ke ci a ƙarƙashinsa, to wanda ya zo a matsayin wakilin yarinya yana iya zama mai neman a kashe maganar. A irin wannan hali kotu ta naɗa jami'in walwala ya tsaya mata. Sulhun zaure kuwa ba shi da gurbi. Fyaɗe ba ya cikin laifukan da doka ta yarda a sasanta. "Iyaye sun yafe", "an biya kuɗin magani", "ya ce zai aure ta", babu ɗaya da ya kamata ya rage kwana guda. Na ƙarshen ma, a ganinmu, abin da zai sa kotu ta ƙara tsanantawa ne da sa ido kan gidan.

Ya ku Alƙalan Alƙalai, kun fi mu sanin hadisin matar Banu Makhzum, da yadda Manzon Allah (SAW) ya yi fushi da ceton da Usama ya zo yi a kan haddi bayan magana ta kai gare shi. Abin da muke jawo hankalinku a kai na aiki ne. A dokokin laifuka na shari'ar Musulunci da jihohi suka kafa daga shekarar 2000, irin na Zamfara, hukuncin fyaɗe haddi ne, tare da biyan sadakin tamka. Shaidu huɗu kusan ba a samun su a laifin da ake yi a ɓoye, don haka iƙirari ne ginshiƙi, kuma mai iƙirarin haddi yana iya janyewa. In ba a tattara komai ba sai iƙirarin, ranar da ya janye shari'ar ta zube. A umarci kotuna su karɓi rahoton likita da sauran alamomi tun zaman farko, domin in haddi ya faɗi saboda shubuha, ta'aziri mai tsanani ya tsaya, haƙƙin yarinya na dukiya kuma ya tsaya, tunda janye iƙirari ba ya kayar da haƙƙin ɗan'adam. A kuma hana yawo da ƙara tsakanin kotun majistare da ta Musulunci don neman inda ya fi sauƙi.

Yanzu rangwamen. A Ingila, tun 2017 jagorar hukunci ta rubuta shi ƙarara: kashi ɗaya cikin uku ga wanda ya amsa a matakin farko, ɗaya cikin huɗu bayan nan, yana raguwa zuwa ɗaya cikin goma a ranar fara shari'a. Shawararmu ga jihohinmu ita ce kada ya wuce ɗaya cikin huɗu ga wanda ya amsa ranar da aka fara gurfanar da shi a kotu mai hurumi, ɗaya cikin goma in sai da aka kira shaidu, babu komai in yaron ya riga ya tsaya ya ba da shaida, domin abin da ake saka wa mai laifin a kai, wato hutar da yaron, ya riga ya wuce. Kuna iya ganin wasu lambobin sun fi waɗannan dacewa. Abin da ba za mu sassauta a kai ba shi ne a rubuta su, kuma alƙali ya nuna lissafinsa: ga inda na fara, ga abin da ya ƙara nauyi, ga abin da na cire saboda ya amsa, ga abin da ya rage. In ya fara daga shekara 20 ya cire kashi ɗaya cikin huɗu, 15 ke nan. In lissafi ya faɗo ƙasa da mafi ƙarancin da doka ta sa, a tsaya a kan mafi ƙarancin. Ikon da kotu ke da shi na sa tara a madadin ɗauri ba ya aiki inda doka ta yanka mafi ƙaranci, kuma muna roƙon umarnin ya rufe ƙofar zaɓin tara a duk laifin lalata da yaro, har da na sashe na 285.

Abubuwan da ke ƙara nauyi a jera su don kada a manta: ƙanƙantar yaro, amanar da aka ci in malami ne ko mai riƙo ko ɗan'uwa ko maƙwabcin da ake aiken yaro wurinsa, maimaitawa, barazana ko sa maye, ciki, cuta, raunin da ya kai ga tiyata ko yoyon fitsari, ɗaukar hoto ko bidiyo. In yaran sun fi ɗaya, kowane yaro da tuhumarsa, kuma kada a haɗe wa'adin su tafi tare kamar yaro ɗaya aka taɓa.

"Wannan ne karonsa na farko" na bukatar kulawa ta musamman. Sashe na 416 na ACJA ya ce kada a yanke wa mai laifin farko iyakar hukunci, lauyoyi kuma sun riƙe wannan gam. Amma a inda babu cikakken kundin waɗanda aka taɓa ɗaurewa, maganar ba ta wuce cewa ɗan sandan da ke tsaye bai san wani tarihi ba. A wajabta wa mai gabatar da ƙara ya binciki rajistar masu laifin lalata ta ƙasa, wadda aka ƙaddamar a Nuwamban 2019 a hannun NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, da ta jiha in akwai, ya faɗa wa kotu ya duba. Mutumin da ya amsa cewa ya shekara yana yi, kama shi ne aka yi karo na farko.

Kafin a yanke, a ɗage zama na ɗan lokaci, mako biyu zuwa huɗu, jami'in walwala ya kawo rahoton halin da yaron ke ciki: yana barci, ya koma makaranta, yana fitsarin kwance bayan ya daina, an tashi daga unguwar, nawa aka kashe. Ba sai an kawo yaron ba. Sashe na 36(4) na Kundin Tsarin Mulki ya ba kotu damar fitar da jama'a saboda maslahar wanda bai kai 18 ba, a yi amfani da shi, a sa haruffa a madadin sunansa a duk takardun da za su fita. Diyya kuma a yanke ta da lissafi, kuɗin asibiti da na gaba, kuɗin mota, canjin makaranta, a biya ta hannun rajistaran kotu zuwa asusun da aka buɗe da sunan yaron. Kuɗin da aka damƙa wa wani dattijo a tsakar gida ba kasafai yake isa ga yaron ba. Diyya ƙari ce a kan ɗauri.

Ga Kaduna akwai wata gaɓa ta daban. Doka ta ce wanda ya amsa laifin da hukuncinsa kisa ne, a rubuta masa bai amsa ba a yi cikakkiyar shari'a. Ke nan a fyaɗen ɗan ƙasa da 14 amsa laifi ba ya hutar da yaro daga shaida, mai laifi ba shi da abin da zai samu in ya amsa, dangi kuma in ɗan'uwansu ne sun fi ƙin kai ƙara in sun san rai za a ɗauka. Duk wannan na ƙara matsin a rage tuhuma tun daga ƙasa. Sa hannun Antoni-Janar kafin sauya tuhuma ya fi zama dole a can fiye da ko'ina.

Yara maza kada a bar su a baya. Ma'anar fyaɗe a tsohon Final Kod mace kawai ta sani, namiji sai a bi ta sashe na 284 mai iyakar shekara 14. Inda dokar kare yara ta jiha ko VAPP ke aiki, a tuhuma da su, domin ba su bambanta ba. In kuma wanda ya aikata shi ma yaro ne, a tabbatar da shekarunsa, a bi tsarin shari'ar yara da gidan horo irin na Kakuri a Kaduna, kada a karɓi amsarsa ba babba ba lauya.

Ya ku Kwamishinonin Shari'a, ɗaukaka ƙara kan ƙaramin hukunci aikinku ne, ba wanda zai yi in ba ku ba. A shari'ar Lucky a 2016, Kotun Ƙoli ta tarar an yanke wa wanda ya yi wa 'yar shekara 11 fyaɗe ɗaurin shekara 5 ko tarar naira 300,000. Mai Shari'a Ngwuta ya yi tir da hukuncin da kakkausar murya, amma kotun ba ta iya taɓa shi ba, saboda babu wanda ya ɗaukaka ƙara a kansa. A sa doka a ma'aikatunku cewa duk hukuncin lalata da yaro ya iso teburin daraktan gabatar da ƙararraki cikin kwana bakwai, a duba shi tun wa'adin ɗaukaka ƙara bai ƙure ba.

Bayan hukunci, rajistaran kotu ya aika suna da hoto da laifi zuwa rajista cikin wa'adin da za ku yanka, umarnin kotu ya haɗa da hana shi koyarwa ko riƙon yara bayan ya fito. Ku da ke zama a kwamitin da ke ba gwamna shawara kan afuwa a ƙarƙashin sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulki, da ku da ke ziyarar rage cunkoso a gidajen gyaran hali, muna roƙon a ware waɗannan laifuka daga jerin, a kuma sanar da iyalin yaron aƙalla wata guda kafin a saki mutum. Sannan duk wata uku ofishin Babban Joji ya fitar da alƙaluma ba tare da sunan yaro ba: ƙara nawa aka shigar a matsayin fyaɗe, nawa aka sauya, wa ya sa hannu, nawa suka ƙare da amsa laifi, da shekarun da aka yanke a kowace. A shirye muke mu zauna da duk kwamitin da kuka naɗa don tsara daftarin umarnin da fom ɗin rahoton likita da na jami'in walwala.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Daga wasu lauyoyi, likitoci, ma'aikatan jinya da jami'an walwalar yara a Arewa maso Yamma.